Sunaye 373 a jikin bango

Jiya da yamma, da na fito daga laburare, sai na leƙa ɗakin tunawa da ke cikin majami'ar Jami'ar Harvard. A jikin bangon an sassaƙa sunaye 373 na 'yan jami'ar da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na sa yatsa na bi wasu haruffan, dutsen sanyi ƙalau.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin ɗaliban da suka ajiye karatu suka tafi Faransa tuƙin motar ɗaukar waɗanda suka ji rauni, tun 1915, shekara biyu kafin Amurka ta shiga yaƙin. Ƙarƙashin ƙungiyar American Field Service suka yi aikin, da 'yar ƙaramar Ford Model T mai ɗaukar mutum uku a kwance. A fagen daga na Verdun da ke Faransa, a 1916, cikin dare suke tafiya, fitila a kashe don kada abokan gaba su hango su. Ga taɓo, ga ramukan bama-bamai, ga nishin mutum a bayansu.

Sa'o'ina ne fa, wallahi. Har na koma ɗaki ban iya buɗe littafi ba.