Gatarin zinare a kan bencin shagon gem

Yawancinmu da muka tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura ba mu taɓa ganin injin gem na tsaye da idonmu ba, wato dogon akwatin nan mai talabijin a jikinsa, wanda sai an jefa masa kwandala kafin ya yarda a taɓa shi. Mu a ƙaramar na'urar Sega mai kaset muka san wasannin takobi da tsafi, daga baya kuma a PlayStation 2, a shagon bayan tasha inda ake biyan kuɗi a zauna a kan benci. Sai da na tafi karatu birni na mallaki kwamfuta, sannan na buga su a siffarsu ta asali ta hanyar manhajar MAME, wadda take kwaikwayon tsofaffin injunan. Tun daga lokacin nake auna abin da wasannin takobi da tsafi suke rasawa idan aka sauko da su daga injin kwandala zuwa na'urar gida, kuma abin da na gano ya sha bamban da lissafin masu ƙirga launi da kyan hoto.

Da Golden Axe ya kamata a fara, domin shi ne wanda kowa a shagon ya sani, ko da bai iya faɗar sunansa ba. Yara "mai gatari" suke ce masa. Kamfanin Sega ya fitar da shi a injin kwandala a 1989, kuma a ƙarshen wannan shekarar ya sauko da shi na'urar Mega Drive. Mayaƙa uku ne: Ax Battler mai takobi, da jaruma Tyris Flare wadda tsafinta na wuta ya fi na kowa ƙarfi amma ya fi cin tukwanen tsafi, da wada Gilius Thunderhead mai gatari, wanda ƙwararrun shagonmu suke rububinsa saboda tsawon saransa. Injin asali, wanda ake kira System 16, da Mega Drive duk ƙwaƙwalwa iri ɗaya suke amfani da ita, Motorola 68000, sai dai ta injin tsaye ta fi sauri, kuma na'urar gida launi 64 kawai take iya nunawa a lokaci guda. Saboda haka an rage launuka, ihun abokan gaba ya dusashe, hoton bayan fage ya yi fayau. Duk da haka, ƙauyen da ke kan bayan ƙaton kunkuru yana nan, dodannin da ake hawa kamar doki suna nan, haka ma ɓarayin nan gajeru da suke lallaɓowa da dare su sace tukwane, a tashi a bi su da shuri. Sega ma ya yi ƙari: ya sa sababbin matakai a ƙarshe, da wani babban maƙiyi, Death Bringer, wanda yake bayan Death Adder, babban maƙiyin wasan asali. Abu mafi muhimmanci a wurina shi ne ya ƙayyade yawan damar ci gaba bayan an mutu. Idan suka ƙare, sai a koma farko, ko da ana ƙofar fadar maƙiyin.

Wasannin kamfanin Capcom ba su sauko da sauƙi haka ba. The King of Dragons da Knights of the Round duk sun fito a 1991, kuma a injin tsaye mutum uku ne suke bugawa kafaɗa da kafaɗa. Da aka kai su na'urar gida ta Super Nintendo a 1994, sai aka mayar da su na mutum biyu, aka kuma rage yawan maƙiyan da suke bayyana a lokaci guda, domin na'urar ba za ta iya ɗaukar wannan cincirindo ba. Na fi jin zafin wannan rashi a The King of Dragons, inda ake zaɓa cikin mayaƙa biyar, kuma daɗinsa shi ne mai baka da mai sandar tsafi su tsaya daga baya suna harbi, mai garkuwa yana tare musu gaba. Idan aka cire mutum ɗaya daga wannan tsari, an taɓa ginshiƙin wasan. Irin haka ta faru da wasannin Dungeons & Dragons guda biyu na Capcom, waɗanda na biyunsu, Shadow over Mystara, ya fito a 1996 yana ɗaukar mutum huɗu: da suka isa Sega Saturn a 1999, a Japan kaɗai aka sayar da su, sai an ƙara wa na'urar kaset na ƙarin ƙwaƙwalwa, kuma duk da haka mutum biyu ne iyaka.

Wannan matsala ta ƙarancin ƙarfi ta wuce tuntuni. Faifan Capcom Classics Collection na biyu, wanda ya fito a PlayStation 2 a 2006, yana ɗauke da siffar asali ta waɗancan wasanni biyu na 1991 har da Magic Sword, kuma a 2018 aka sake tattaro wasu a Capcom Beat 'Em Up Bundle. Hoto ya cika, sauti ya cika. To a nan ne wata sabuwar ɓaraka ta fito, wadda ni a ganina ta fi ta farko girma, domin a irin waɗannan tarin danna maɓalli ne ya maye gurbin jefa kwandala.

Wanda ya ƙera wasan injin tsaye yana da lissafin ɗan kasuwa a ransa. A wancan zamanin, a Amurka kwandalar santi 25 ake jefawa, a Japan ta yen 100, kuma mai wurin yana so ɗan wasa ya ɗanɗana daɗi, ya mutu cikin 'yan mintuna, ya sake laluba aljihu. Gauntlet, wanda Atari ya fitar a 1985 na mutum huɗu, bai ma ɓoye wannan ba: lafiyar jaruminka tana raguwa da kanta kamar ruwa a tulu mai yoyo, ko da babu abin da ya taɓa shi, sai ka samu abinci a hanya ko ka ƙara kuɗi. Duk wani tsoro da ɗan wasa yake ji, da rigimar wa ya cinye abincin, da ihun da ake yi wa wanda ya harbe abincin bisa kuskure, daga wannan yoyon suke fitowa. Idan aka ba mutum kwandala marar iyaka a ɗakinsa, sai ya cika lafiyarsa maƙil ya riƙa kutsawa cikin dodanni ido rufe, kuma kafin rabin sa'a ya fara hamma.

Na ga wannan ƙarara a hutun babbar Sallah, lokacin da na zo gida da tsohuwar PlayStation 2 muka jona ta da batirin sola a zaure. Ɗan wana, yaro mai shekara goma sha biyu, ya zauna da The King of Dragons tsakanin Azahar da La'asar, ya bi matakansa goma sha shida har ya kashe jan dodon nan Gildiss. Ya mutu sau da yawa har na daina ƙirgawa, bai taɓa ɗaga garkuwa ba, bai kuma damu da wane jarumi ya dace da wane wuri ba. Da ya ajiye fad, wato abin da ake riƙewa ana sarrafa wasan, ya ce, "Baffa, wannan ne kuke ta ba mu labari? Ai ba shi da wuya." Ban yi masa musu ba, domin abin da ya buga ɗin lalle ba shi da wuya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, shi kuwa a dafe aka miƙo masa.

Akwai waɗanda wannan ciwo bai kama su ba. Ghouls 'n Ghosts na 1988, wanda Sega da kansa ya sauko da shi Mega Drive a 1989, ko sau nawa ka ci gaba ba ya barinka ka tashi a inda ka faɗi. Baya yake mayar da kai. Bugu ɗaya sulken jarumin wasan, Arthur, ya tarwatse ya bar shi da gajeren wando, na biyu ya zama ƙasusuwa, kuma idan ka kai ƙarshe sai a ce ka sake bin wasan gaba ɗaya kafin ka ga maƙiyin gaskiya. Wasan da sai an haddace shi ake wucewa ba ruwansa da inda aka kunna shi.

Abin da ya sa waɗannan wasanni suka yi mana daɗi muna yara, kamar yadda na fahimta daga baya, shi ne shagon gem na ƙauye ya mayar musu da abin da na'urar gida ta ƙwace, ba tare da mai shagon ya san ya yi hakan ba. Kuɗin da ka tara daga tallan gyaɗa ko daga aikin gona kake biya, akwai layin yara a bayanka suna leƙe, dokar wurin kuma ita ce wanda rayukansa suka ƙare ya miƙa fad ga na gaba. Ga janareto da man da ke cikinsa ƙididdigagge ne, musamman tun da aka janye tallafin mai a 2023, kuma wasan da ake gamawa cikin ƙasa da sa'a guda ya dace da irin wannan wutar. Yaran yanzu sun fi karkata ga ƙwallo da Mortal Kombat, amma faifan Sega Mega Drive Collection yana nan a shagon, da Golden Axe guda uku a cikinsa.

Ranar kasuwa da yamma na kai ɗan wan nawa can, na biya masa zama ɗaya tak, na kuma gaya masa a gaban mai shagon cewa ba zan ƙara ba. Ya zaɓi wada mai gatari bisa shawarar wani yaro da ke tsaye a bayansa. Tun a mataki na biyu ya fara ja da baya yana jiran maƙiyi ya matso, yana tattalin tukwanen tsafinsa kamar hatsin bazara, da wani ya hau dodonsa kuwa har tashi tsaye ya yi. Ƙasusuwan nan masu takobi ne suka gama da shi a kan bayan gaggafa. Ya miƙa fad ɗin da ƙyar, ya koma ƙarshen layi, sannan ya juyo ya ce, "Baffa, ranta mini na zama ɗaya, zan biya ka idan an sayar da riɗi."