Allurar 'yan Sin da zugin da ya ƙi tafiya

Akwai wata magana da wasu masu yin allurar 'yan Sin, wato akufanca, suke faɗa idan ka koma kana kukan ciwo: "Ai cutar ce ke fita." Ni ma an faɗa min ita, kuma har gobe ban gamsu ba.

Sana'ata buga takardu a kwamfuta a nan Kawo. Shekara da shekaru ina duƙe, har wuya da kafaɗar dama suka riƙe. Na sha magani, na shafa man zafi, na je wanzami ya yi min ƙaho. Da hunturun bara ya matsa, wani abokina ya kai ni wajen wani mai allura a Barnawa. Alluran sirara ne ƙwarai, kaurinsu bai kai rabin milimita ba, kuma babu ruwan magani a cikinsu. Ya kafa min a wuya da kafaɗa, ya kafa ɗaya a naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni, yana ɗan murza kowacce. Sauran duk nauyi kawai na ji da ɗan tsami. Ta hannun kuwa, tana shiga na ji abu ya tsarga har ƙarshen yatsa kamar wutar lantarki ta ja ni. Na ce wash, ya ce alama ce ta an dace da wurin.

Tsamin kafaɗar bai daɗe ba ya wuce. Yatsan ne ya sage, ga zugi da daddare, riƙe biro ma sai da dabara. 'Yar yayata nas ce, da ta duba sai ta ce, "Kawu, wannan ba cuta ce ke fita ba, jijiya aka taɓa. Da ka ji ya ja ka, a take ya kamata a zare allurar." Likitan da na gani a asibiti ma haka ya ce, ya ƙara da cewa irin wannan yakan warke da kansa amma a hankali. Sai da aka kwashe makonni kafin yatsan ya dawo daidai.

Ba cewa nake yi allurar mugun abu ba ce. A 2009 an fitar da wani babban bincike a Jamus kan mutum 229,230 da aka yi wa ita. Kashi 8.6 cikin ɗari ne suka ce sun sami wata matsala, mafi yawa ɗan zubar jini ko taruwarsa a ƙarƙashin fata, kuma kashi 2.2 ne suka buƙaci magani. Mutum biyu allura ta huda musu huhu. Wanda ya fi daɗewa yana fama, raunin jijiya ne a ƙafa, kwana 180. Lissafin da daɗin ji, amma a lura: masu soka allurar can duk likitoci ne da suka sami horo. Wanda ya yi kwas na 'yan kwanaki ya kafa allo a bakin titi ba zai ari wannan lissafin ya yafa ba.

Batun huhun ne ya fi tayar min da hankali, don ni siriri ne, kuma a kafaɗa aka kafa min. Ashe saman huhu yana hawowa har gindin wuya, tazarar da ke tsakaninsa da fata ba ta da yawa. Duk wanda aka yi wa allura a ƙirji, gadon baya ko kafaɗa, sai ya ji sukar ƙirji, numfashi na yi masa wuya, ko busasshen tari, ya wuce asibiti a ranar. Haka in wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya.

Mai allurar da ya yi min dai, a gabana ya yage ledar sababbin allurai, wannan kam na shaide shi. Ba ƙaramin abu ba ne a Najeriya, inda wani binciken 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane baligi 100 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda allurar da aka riga aka soka wa wani kan iya yaɗa shi. Shafa wa tsohuwar allura sifirit ba ya wadatarwa. Hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, MDCN, ita ce kuma ke da hurumin masu wannan aikin, don haka tambayar takardar mutum ba rashin kunya ba ne.

Yanzu Hajiyarmu ce ta matsa sai an kai ta saboda gwiwa, wai maƙwabciyarta ta ji daɗinta. Ita kuwa tana shan maganin tsinka jini, ɗan ƙwarzane ma sai ya daɗe yana zuba. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri sai ranar ganin likitanki, mu ji ta bakinsa tukuna." Ta ce to, amma na san gobe ma sai ta sake tayar da zancen.