Fuskar da ɗalibi ke tararwa a kwamfuta

Yawancin mutane, fuskar da suka tarar a kwamfuta, wato yadda aka tsara allo da tagogi da jerin manhajoji, da ita za su yi ta aiki har injin ya mutu. Ɗora Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, a wata cibiyar koyon kwamfuta a Birnin Kebbi ne ya koya mini haka. Mu masu ɗorawa mun san ana iya sauya fuskar da ake kira GNOME da wata, kamar KDE Plasma ko Xfce, ba da wata wahala ba, amma ɗalibar da ta taso daga Jega don hannunta ya saba da linzami (mouse) kafin jarrabawar JAMB, ina ruwanta da wannan? Abin da ka zaɓa mata ya zauna ke nan.

Manyan nau'o'in Linux ma, irin su Ubuntu da Debian, sun sha kai-komo. Ubuntu ta ɗauki fuskar Unity a 2011, ta dawo GNOME a 2017. Debian ta gwada Xfce a 2013, shekara na zagayowa ta koma GNOME, kuma cikin dalilanta har da sauƙin amfani ga makafi. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba.

Sai dai injinanmu na gwanjo ne, RAM ɗin wasu, wato ƙwaƙwalwar da injin ke aiki da ita, gigabait 4, wasu 2. Ka buɗe Firefox ta shiga intanet da LibreOffice ta rubutu tare a kan GNOME, ga zafin Afrilu, sai fanka ta kama kuka, linzami ya riƙa tafiya yana tsayawa. Ga kuma sabo. GNOME ta asali ba ta da maɓallin sauke taga, sai ka ga yaro yana ta lalube a saman allo, can ya ɗaga hannu: "Malam, ta ɓace." Wanda ya taɓa Windows a shagon buga takardu, kusurwar hagu ta ƙasa idonsa ke fara zuwa.

Shi ya sa muka tsaya a kan nau'in Linux Mint mai fuskar Xfce, jerin manhajoji na nan inda ake tsammaninsa. Muka kuma saita madannan Hausa tun daga farko, don ƙ da ɗ da ɓ su fito ba sai an nemi malami ba. Abokin aikina, mai son KDE kamar me, har yau yana mita cewa Xfce tsohon yayi ce. Gaskiyarsa, ba ta da ado.

Injin da ya fi ƙarfi mun bar masa GNOME da Orca, manhajar da ke karanta rubutun allo da murya, saboda masu larurar gani.