Yadda na gina gidan Makaman Tafkin Toka

A labarin da nake rubutawa akwai daular da na ƙirƙira, Birnin Tauraro, kuma gidan da ya fi cin min lokaci a ciki shi ne gidan Makama, masu riƙe da ƙasar Tafkin Toka. Sunaye da kirari da kalar alkyabba duk ba wuya, a zama ɗaya ma sai ka jera su. Inda aikin yake shi ne tambaya ɗaya, wai da me gidan nan yake ci?

Sai na koma kan yadda sarautunmu suka rayu da gaske. A Kano ta da akwai kuɗin ƙasa, akwai jangali a kan shanu, har marina suna biyan kuɗin karofi, kowace sarauta da inda take samu. To ni sai na ba gidan Makama kanwa. Tafkin nasu idan ya ƙafe da rani fari fat yake komawa, mata da yara su bazu suna kankara da sassafe kafin rana ta yi zafi, ƙafafunsu duk sun tsage, fatake kuma su jero jakuna a bakin gaɓa kamar ranar kasuwa, kowane mangala sai an cire na Makama kafin ya wuce. Wallahi daga nan komai ya fara buɗe min, na san wa suke aura, wa ke binsu bashi, da dalilin da Sarki yake musu murmushi alhali tsoronsu yake ji.

Abu na biyu da ya taimake ni sosai, a da manyan masu sarauta a birni suke zama kusa da Sarki, jakadu suke turawa ƙauyuka su karɓo haraji, sai bayan zuwan Turawa a 1903 aka riƙa tura hakimai su zauna a gundumominsu. Don haka Makamana a birni yake, tafkin ma rabonsa da shi tun yana saurayi. Jakadansa ne mutane suka sani, shi suke zagi, shi suke kai wa kaji.

Aljanu kuwa ban watsa su ko'ina ba, a ƙarƙashin tafkin kawai na ajiye su, da alƙawarin da kakan gidan ya ɗauka cewa kanwar farko ta kowace shekara tasu ce. Wadda ta san sharuɗɗan kuma ba Makama ba ne, yayarsa ce Magajiya, ita ke zaune can ba ta taɓa tarewa gidan miji ba. Kun ga iko ya rabu biyu ke nan, rawani a birni, sirri a ƙauye, kuma ko gaisuwarsu na kula da ita, a gaban mutane ta ce masa ranka ya daɗe, su biyu kuwa da sunan yarinta take kiransa shi kuma ya ce Yaya.

Kakaki ma na hana su, na Sarki ne, algaita da ganguna sun ishe su. Mai karatu Bahaushe zai yarda da aljani a cikin tafki amma ba zai yafe maka ba idan ka busa wa hakimi abin da ba nasa ba.

Yanzu ina babin da jakadan ya sayar da kanwar farko a ɓoye, Magajiya ta ji labari, kuma tafkin ya ƙi ƙafewa har rani ya wuce.