Hayar da na kama a tsohon gida cikin birnin Katsina

A watan Maris na 2024, ana cikin azumi, na kama haya a wani tsohon gida da aka gyara a cikin birni, tsakanin Ƙofar Soro da Gobarau. Gidan wani attajiri ne na da, ginin tubali, rufin azara, ga zankwaye a sama. Bayan rasuwarsa ya daɗe a kulle sai 'ya'yan suka haɗa kuɗi suka gyara, suka fasa ɗakunan da ke kallon hanya suka maida su shaguna huɗu, zauren da soron ciki kuma aka ware wa mai abinci. Ni na ɗauki zauren da shago ɗaya, abinci a ciki, shagon kuma ƙanena ya zauna da lemo da ruwa da POS.

Sanyin wurin ne ya ja ni wallahi. Na shiga da azahar rana kamar ta dafa mutum, ina sa ƙafa a zauren na ji kamar na shiga randa, bangon daga ƙasa ya kusa kamu biyu a kauri. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san abinda janareta ke ci, to wurin da kwastoma zai zauna ya ci tuwo ba fanka kuma bai jiƙe da zufa ba ai riba ce tun kafin a ɗora tukunya.

Kuskurena na farko gaggawa. Dillali ya kai ni wurin babban ɗan gidan, na biya shekara biyu, na ba dillali kashi 10 na la'adarsa, aka ba ni rasit kawai na kama fenti. Wata guda da buɗewa sai ga wata dattijuwa ta yi sallama, ta ƙi zama, ta ce "Malam, wa ya ba ka gidan ubanmu?" Ashe ba a raba gadon ba, ita da ƙannenta mata biyu ba wanda ya shawarce su. Na ce Hajiya ki yi haƙuri ban sani ba, kuma gaskiyarta ce, haƙƙinta ne da Allah ya ba ta. Sai da muka zauna gaban mai unguwa sau uku kafin duk magadan suka sa hannu a takarda guda, lauya ya rubuta. Yanzu duk wanda ya ce min zai kama haya a tsohon gida tambayata ta farko ita ce an raba gado? in ba a raba ba su nawa ne kuma kowa ya yarda?

Amma babban darasin damina ce ta koya min shi. Masu gyaran sun shafe bangon ƙasa da siminti ciki da waje don ya yi kyau a ido, cikin Agusta sai na ga filastar tana kumbura ta gefen gabas inda ruwa ke dukanta, na ƙwanƙwasa na ji kamar ganga, kwana biyu wani ɓangare ya zubo bayan bencin kwastomomi, Allah ya tsare ba kowa a wurin. Wani tsohon magini a unguwar na kira, ya sa hannu a ramin ya damƙo ƙasa jiƙe sharkaf ya ce "Yaro, ginin ƙasa numfashi yake, kun toshe mai hanci." Ya hau sama ya tarar indararo biyu sun cushe da leda, ruwa ya kwanta kan soron yana bin cikin bango, simintin kuma ya hana shi fita. Ya sa aka kankare gefen nan duka aka sake yaɓe da jar ƙasa da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, irin yadda iyayenmu ke yi. Har wurin wanke-wanke ya sa na ɗauke daga gindin bango, na haƙa sabon sokawe can ƙarshen gida, girki kuma na maida shi tsakar gida ƙarƙashin rumfar kwano don azara da wuta ba sa shiri.

To wa zai biya? Takardarmu ba ta ce komai kan rufi da bango ba. Magada suka ce kai ke ciki, na ce ginin naku ne, ƙarshe muka raba biyu, ni kuma na yi asarar mako uku a rufe.

Batun wuta ma an ɗan sha rigima, mita ɗaya ga mutum huɗu, tela da dutsen guga ni da firiza, sai da kowa ya sa tasa aka zauna lafiya.

Ciniki kam Alhamdulillah. Lungun ba wurin ajiye mota, na ji tsoron haka da farko, ashe kwastomomina masu ƙafa ne da 'yan mashin da Napep. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci masa ba ta kai la'asar, ranar hawan Sallah kuwa har ƙofa ake layi. Ga baƙi masu zuwa ganin Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda yanzu gidan tarihi ce, su shigo su ɗaga kai suna kallon azara suna ɗaukar hoto kafin a kawo musu dambu. Wani dattijo ya taɓa zama ya daɗe bai ci ba, ya ce a zauren nan ya yi karatun allo, ya nuna min kusurwar da malaminsu ke shimfiɗa buzu.

Na riga na gaya wa magadan zan sabunta, amma wannan karon sai an rubuta cewa rufi da bango nasu ne, fenti da ƙofofi da magudanar ruwa nawa. Baba magini kuma mun yi da shi duk watan Mayu zai hau ya duba indararo kafin ruwan farko, kuɗin wannan ni zan riƙa biya.