Ibtihaj Muhammad da wasan takobi

Jiya na kalli karawar Ibtihaj Muhammad a gasar Olamfik ta Rio ta 2016, inda ta zama 'yar Amurka ta farko da ta fafata sanye da hijabi, ta kuma ci lambar tagulla tare da tawagarta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ta fara wasan tana da shekara 13 a New Jersey, domin iyayenta sun nemi wasan da ba zai taɓa suturarta ba, sai suka tarar masu takobi a rufe suke ruf, fararen kaya har wuyan hannu, fuska kuma cikin hular raga. Tun kafin Rio, ita da tawagar Amurka sun lashe gasar duniya a birnin Kazan na ƙasar Rasha a 2014.