Wayar Hajiya da karkacewar baki

Lokacin da nake intanshif a sashen fisiyo, wato gashi da motsa jiki, aka kawo mana wata Hajiya, ta tashi alwalar asuba ruwan kurkurar baki na zubowa ta gefe ɗaya, ido ɗaya kuma ya ƙi rufuwa. Sati biyu aka yi a gida ana hayaƙi wai aljani ne ya mare ta, alhali prednisolone, maganin rage kumburin jijiya, cikin awa 72 na farko ya fi yin aiki. Oganmu cewa yayi in sa ta ɗaga gira. In goshin ma ya ƙi motsi to jijiya ta bakwai ce mai motsa fuska ta shanye, galibi abin da ake kira Bell's palsy kenan, in kuwa goshi na tattarewa baki kaɗai ya karkace sai a yi maza a duba ƙwaƙwalwa.

Ni a lokacin ɗoki nake da wata manhaja mai kama da filtar Snapchat, kyamarar selfi ta zuba ɗigo-ɗigo a fuskarka (fasahar Google mai suna MediaPipe ɗigo 468 take bi), ka yi murmushi ta auna ta baka maki, har tana iya kwafo ɓarin da ke lafiya ta ɗora a ɗayan. Na sa wa jikanta a waya. Matar da ta juya madubin ɗakinta ya kalli bango, ranar ta daɗe tana kallon kanta, tace ɗan nan ashe haka nake da.

Inda na kwafsa shine ban ja mata kunne kan makin ba. Hajiya ta mai da abin gasa, safe da yamma tana yage baki da ƙarfi don lamba ta hau, bayan kamar wata huɗu ta dawo in tayi murmushi ido sai ya ƙanƙance. Jijiyar in tana farfaɗowa wani lokaci tana ɓatan hanya, matsa mata da ƙarfi kuma ƙara kafa abin yake yi, waya ko ba ruwanta, motsi ta gani ta bada maki. Oga bai min faɗa ba, kujera kawai ya jawo ya zaunar da ita gaban madubi yace Hajiya kaɗan-kaɗan, ido na fara motsi ki tsaya.

Manhajar tana nan a wayar jikan har yanzu, makin dai mun kashe. Ni kuma duk wanda ya shigo sai na fara tambayar ko yana ɗiga maganin ido yana manne shi da filasta da dare kafin in ciro waya.